Ƙaho, Haure da Lasin: Tarihin Dokokin Farauta a Dazuzzukan Konduga

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da fassara ya san irin wahalar da sunayen namun daji ke ba ɗalibai. A wani aji da na koyar a nan Maiduguri, inda aiki ya kawo ni daga ƙasar Katsina, na ba ɗalibai wani guntun labari na Ingilishi domin su mayar da shi Hausa. Labarin yana magana ne a kan dokar wata jiha ta Amurka wadda ta hana maharbi harbin dabbar nan tasu mai ƙaho kamar reshen itace a dazuzzukan gwamnati, sai idan rassan ƙahon sun kai adadin da hukuma ta yanka. Kusan kowa a ajin “barewa” ya kira dabbar. Sai wani ɗalibi mutumin Konduga, jikan maharbi, ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ai ƙahon barewa ba ya yin rassa. To, me za a ƙirga?”

Gaskiyar ɗalibin ne. Dangin wannan dabba, wadda za mu kira barewar Turai a wannan maƙala, babu su a Afirka kudu da Sahara. Ƙahonta zallan ƙashi ne mai rassa, yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro, kuma galibi namiji ne kaɗai ke da shi. Ƙahon barewarmu kuwa, da na gwanki da na mariya, ba ya faɗuwa, ba ya rassa, sai dai ya yi ta tsawo yana ƙara gaɓoɓi. Hausa ta haɗa su duka a kalma ɗaya, wato ƙaho.

Amma tunanin da ke ƙarƙashin waccan doka, wato a dubi jikin dabba kafin a halatta kashe ta, ba baƙo ba ne a ƙasar Barno. Ya shigo tun farkon mulkin Turawa, ya kuma zauna cikin dokokinmu har yau. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ya shigo, da abin da ya tarar, da dalilin da ya sa bai tsare namun dajin Konduga ba. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, tambayar “wace dabba za a harba?” ba ta samun amsa sai an fara amsa tambayar “dajin na wane ne?”

2.0 Ƙasar Konduga da Namun Dajinta

Garin Konduga yana kudu maso gabas da Maiduguri a kan hanyar Bama, a gefen kogin Ngadda. Yana zaune ne a kan dogon tudun rairayin nan da masana ke kira Tudun Bama, wanda shi ne tsohuwar gaɓar Tafkin Cadi a zamanin da tafkin ke cike. Masu binciken kufai na jami'o'in Maiduguri da Farankfot ta Jamus sun tono guntayen tukwane a Konduga waɗanda aka ƙiyasta sun haura shekara 6,000. Wannan na nuna cewa zaman ɗan Adam da namun daji a wannan wuri daɗaɗɗe ne ƙwarai.

Kudu da garin ƙasa ce ta laka da fadamu, inda ruwan Yedzaram da na Gombole ke malala da damina kafin ya tattaru ya bi Ngadda zuwa madatsar Alau da Maiduguri. Wannan malale shi ne zuciyar dajin Sambisa, wanda ya taɓa ƙananan hukumomin Konduga da Bama da Gwoza da Damboa. Daji ne na ƙaya da farar ƙaya da aduwa da magarya, da tsamiya da kanya a bakin ruwa. A shekarar 1851 matafiyin nan Heinrich Barth ya ratsa wannan yanki a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya bi ta ƙasar Uje ya shiga ƙasar Margi, ya kuma ba da labarin ƙungurmin daji da alamun giwaye. Mazauna yankin sun haɗa da Barebari da Larabawan Shuwa da Margi da Gamargu da Fulani, sannan da Hausawa da fatauci ko noma ko farauta ta kawo.

Idan muka dubi namun dajin wannan yanki ta fuskar ƙaho, za mu iya kasa su gida biyu:

(a) Waɗanda namiji ne kaɗai ke da ƙaho: mariya da mazo da kwanta-rafi da batsiya, haka ma gada a mafi yawan lokuta.

(b) Waɗanda mace da namiji duk suna da ƙaho: gwanki da kanki da dari da barewa da ɓauna. A nan bambancin kauri ne da tsawo kawai, na mace ya fi siranta.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. A rukunin farko, kallo ɗaya ya ishi maharbi ya san mace ce ko namiji. A rukuni na biyu kuwa, sai gwani, kuma sai ya matsa kusa, dabbar tana tsaye.

3.0 Ƙa'idojin Farauta Kafin Zuwan Turawa

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa kafin Turawa daji sakaka yake, kowa ya ga dama ya shiga. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Baka da Sarkin Dawa, waɗanda su ke da ta cewa a kan ranar fita da dajin da za a nufa da rabon nama da sasanta rikici a kan abin da aka kashe. Barebari suna kiran maharbi kandira, daji kuma karaga, kuma maharbansu ma suna da shugabanni da ke ƙarƙashin bulama da lawan. A wurare da yawa akwai rabon da ake kai wa mai gari daga babbar dabba, fatar zaki da ta damisa kuwa ta sarki ce.

Ana iya taƙaita ƙa'idojin wancan zamani cikin abubuwa uku. Na farko shi ne lokaci. Babbar farauta ta gayya aikin rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina jama'a na gona, ciyawa ta rufe daji, fadama ta cika, saboda haka namun daji na samun watanni na sararawa. A wasu sassan ƙasar Hausa ma sai an yi bikin buɗin daji kafin a fara, kamar yadda aka san Masallata ta kusa da Birnin Ƙonni da shi. Na biyu shi ne wuri. Kowane gari ya san iyakar dajinsa, kuma baƙon maharbi sai ya yi sallama ga na gida. Na uku shi ne tsoro. Maharba sun yi imani cewa akwai dabbobi masu ƙwari, irin su gwanki da giwa da ɓauna da raƙumin dawa, waɗanda ba a tunkararsu sai da shiri da gado. Kirarin “gwanki sha bara” shaida ne na irin matsayin da aka ba shi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan imani, amfaninsa a fili yake: ya rage yawan hannuwan da ke kai wa ga manyan dabbobi.

A kan waɗannan kuma ga koyarwar malamai. Barno tsohuwar cibiyar fiƙihun Malikiyya ce, kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri ke karantawa, an bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don buƙata kuwa halal ce.

Sai dai kada mu ƙawata wancan zamani fiye da kima. Farautar gayya da karnuka da gora da ƙunar daji ba ta san mace ba, ba ta san ɗa ba, abin da ya tashi shi ake bi. Tarko da rami su ma ba su zaɓe. Maharbin kwanto ne kaɗai, mai sa kan burtu ya yi sanɗa da kwari da baka, ke da sukunin zaɓar abin da zai harba. Abin da ya tsare namun daji shi ne ƙarancin jama'a da raunin makami da faɗin daji, sannan waɗancan ƙa'idoji na lokaci da wuri. Abin lura dai shi ne, a duk cikinsu babu inda aka ce a auna ƙaho ko haure.

4.0 Shigowar Ma'aunin Ƙaho da Haure

Shekarun 1890 sun zo wa Barno da masifu biyu. Annobar bushiya ta ratsa ƙasashen Sudan ta karkashe shanu, ta kuma taɓa ɓauna da wasu namun daji. A 1893 kuma Rabe ya ci Barno. Bayan an kashe shi a Kusuri a 1900, Ingilishi suka shigo a 1902, kuma a 1907 Shehu Garbai ya tare a Yerwa. Daga nan dazuzzukan Konduga suka zama na bayan gidan Razdan.

Turawan da suka zo, sojoji da jami'an mulki, sun zo da wata al'ada ta farauta dabam da wadda aka sani. Abin da suke nema shi ne kan dabba da ƙahonta domin a rataye a bango, nama kuwa na masu ɗaukar kaya ne. Tun a 1892 wani mai sana'ar cusa fatun dabbobi a Landan, Rowland Ward, ya fara buga littafin da ke jera tsawon ƙahonin da aka samu a sassan duniya da sunayen waɗanda suka harbo su. A wannan al'ada, darajar maharbi tana ga tsawon ƙahon da ya samu, harbin mace ko ƙaramar dabba kuwa abin kunya ne. Wannan ɗabi'a ta 'yan wasa ita ce aka mayar doka.

Ranar 19 ga Mayu, 1900, ƙasashen Turai masu mallaka a Afirka suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kare namun daji da tsuntsaye da kifaye. Yarjejeniyar ta kasa dabbobi jeri biyar. Jeri na farko an hana kashe su sam, cikinsu har da raƙumin dawa da ungulu. Na biyu ya hana kashe 'ya'yan giwa da dorina da ɓauna da dangin barewa da gwanki. Na uku ya hana kashe matan waɗannan dabbobi idan suna tare da 'ya'yansu. Na huɗu ya ƙayyade adadin da za a iya kashewa. Na biyar kuwa ya lissafa waɗanda aka ce masu ɓarna ne, a rage su, irin su zaki da damisa da kura da kada. Haka kuma an ce duk hauren giwa da bai kai nauyin kilo 5 ba a ƙwace shi. Wannan shi ne ainihin takwaran dokar ƙirga rassan ƙaho: sikeli ya zama alƙalin da zai faɗi ko giwa ta isa kisa ko ba ta isa ba.

Ko da yake yarjejeniyar ba ta sami amincewar dukkan ƙasashen ba, Ingila ta bi tsarinta a ƙasashen da take mulka. A Nijeriya an kafa dokar kare namun daji a 1916, bayan haɗe Arewa da Kudu. A 1933 aka sake wata yarjejeniya a Landan wadda ta riƙe ma'aunin kilo 5 ɗin nan, ta hana farauta da mota da jirgin sama da kewaye dabbobi da wuta, ta kuma nemi a taƙaita amfani da dafi da raga da rami da tarko da fitila mai kashe ido.

Idan aka duba da kyau za a ga wanda dokar ta yi wa daɗi da wanda ta ƙuntata wa. Tun yarjejeniyar Burusel ta 1890 aka tsananta sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Ke nan mai bindigar da ke harbi daga nesa, wanda yake da tabaron hangen nesa da kuɗin yankar lasin, shi ne zai iya tsayawa ya ƙare wa ƙaho kallo kafin ya ɗana. Shi kuwa kandira da Sarkin Baka, kusan duk kayan aikinsu, daga dafin kibiya har zuwa rami da wuta, sun faɗa cikin jerin abin da doka ke ƙyama. Aiwatar da dokar kuma aka ɗora wa En'e, ta hannun hakimai da malaman daji, mutanen da su kansu suna cikin masu karɓar cinyar nama.

5.0 Dajin Wane Ne?

A daidai lokacin da ake tsara abin da za a harba, ana kuma sauya mai dajin. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, a matsayin mai riƙon amanar jama'a. Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 sun ba da damar a shata daji a ce na hukuma ne. Bayan mulkin kai, dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba da wannan tsari, sannan dokar soja ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta.

A cikin wannan tsari ne aka keɓe Sambisa a 1958, shekara biyu bayan an keɓe Yankari a ƙasar Bauci. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji, wadda ta kasa dabbobi zuwa waɗanda aka haramta da waɗanda aka ba kariya ta musamman da waɗanda aka ba kariya, kowane rukuni da irin izininsa. Wannan doka ce Jihar Arewa maso Gabas ta gada a 1967, Jihar Barno kuma ta gada a 1976. A cikin shekarun 1970 aka mayar da Sambisa gandun namun daji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 500, aka sa ma'aikata, aka gina masaukin baƙi masu zuwa kallon giwaye da jiminu. A 1985 gwamnatin tarayya ta fito da Doka ta 11 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda ita ma ta bambanta ƙaramar giwa da babba. A 1991 kuma aka kafa Gandun Ƙasa na Tafkin Cadi, wanda sashensa na Cingurmi-Duguma ke maƙwabtaka da gandun Waza na Kamaru.

A takarda, wannan ci gaba ne babba. A ƙasa kuwa abin da ya faru shi ne, dajin ya fita daga hannun waɗanda ke kwana a bakinsa ya koma hannun ofishin da ke Kaduna, daga baya Maiduguri. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon hakimi da lawan da bulama. Mutumin ƙauyen da kakanninsa ke da ta cewa a kan wanda zai shiga dajin, yanzu shi kansa ɓarawon daji ne idan ya shiga. Saboda haka ba shi da dalilin hana baƙo, tun da abin da ya bari yau wani ne zai ɗauka gobe. Hausawa kan ce kayan gwamnati ba na kowa ba ne, kuma haka aka ɗauki Sambisa.

Sannan sai ga matsi ta kowace fuska. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya turo makiyaya da manoma kudu, zuwa fadamun da namun daji ke shan ruwa da rani. Bushiya ta sake ɓarkewa a 1983. Maiduguri ta bunƙasa, buƙatar itace da gawayi da naman daji ta ƙaru. Bindigar toka ta yawaita, ga fitilar goshi, ga mota, ga kuma makaman da yaƙe-yaƙen Cadi suka watsa a yankin. 'Yan ma'aikatan da aka sa tsaron gandun ba su da yawan da zai kewaye shi.

6.0 Dalilin da Ma'aunin Bai Yi Aiki Ba

A nan ya kamata mu koma ga labarin da muka fara da shi domin kwatance. Jihar Fensilbaniya ta Amurka ta hana harbin matan barewar Turai a 1907, a lokacin da dabbar ta kusa ƙarewa a jihar, kuma garken ya farfaɗo har ya yi yawa. A 2002 ta fito da dokar cewa sai namijin da ke da rassa aƙalla 3 a ƙaho ɗaya za a harba, a yammacin jihar kuma 4. Dalili shi ne mafi yawan mazan da ake kashewa 'yan shekara ɗaya da rabi ne, ana so a bar su su girma. Ko a can ma dokar ba ta rasa illa ba. Jihar Misisifi, wadda ta fara irin wannan doka a 1995, ta lura cewa ƙirga rassa na sa a kashe matasan da suka fi kyawun ƙaho a bar raunana su yi barbara, har daga baya ta koma auna faɗin ƙaho da tsawonsa.

Abin da ya sa irin wannan doka ke tafiya a can shi ne sharuɗɗa guda huɗu. Maharbi na ganin dabba ɗaya da rana tsaka kafin ya harba. Alamar da ake dubawa a bayyane take, ana iya ƙirga ta. Maharbin ba yunwa ce ta fito da shi ba, saboda haka zai iya haƙura ya koma gida hannu sake. Sannan akwai hukumar da ke ƙidayar garke, tana karɓar rahoton abin da aka kashe, kuma da kuɗin lasin na maharban ake gudanar da ita, don haka suna ganin dajin nasu ne.

Idan muka ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan Konduga za mu ga babu ko ɗaya da ya cika. Mai farautar dare ƙwayar ido kawai yake gani tana ƙyalli a hasken fitila. Tarkon waya ba ya tambayar shekaru. Gwanki da kanki da dari da barewa, waɗanda su aka fi buƙatar karewa, matansu na da ƙaho. Nauyin haure kuwa ba a saninsa sai giwa ta faɗi, wato hukunci ne bayan aikin gama ya gama, kuma abin da yake haifarwa shi ne a ɓoye ƙaramin haure, ko a sassaƙa shi. Mai farautar kuma nama yake nema na ci ko na sayarwa, kuma a tukunya ƙaho ba shi da daraja. Uwa-uba, mai dajin na nesa, na kusa kuma an cire hannunsa. Dokar ta amsa tambayar da mafaraucin wasa ke yi, ta bar tambayar da mutumin Konduga ke yi.

7.0 Sambisa Bayan 2013

Sauran labarin sananne ne ga kowa. Dajin da aka raba da masu shi, hukuma kuma ta kasa riƙewa, bai zauna babu mai shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wajen 2013 mayaƙan Boko Haram suka kafa sansani a Sambisa, ma'aikatan gandun suka janye. Garin Konduga kansa ya sha hare-hare, ciki har da na masallaci a watan Agusta na 2013 da gwabzawar watan Satumba na 2014. Bayan sace 'yan matan Cibok ranar 14 ga Afrilu, 2014, sunan Sambisa ya zagaya duniya, ba don giwayensa ba.

Abin da ya dace masanin tarihi ya lura da shi shi ne, a watan Mayu na 2014 ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri da bindigogin toka da kwari da baka, suna neman izinin shiga dajin. Daga baya hukumomi suka riƙa aiki da su tare da sojoji da 'yan sa-kai, domin su ne suka san hanyoyi da mashaya da maɓoya. Wato mutanen da doka ta shafe kusan shekara ɗari tana kallo a matsayin ɓarayin daji, su aka koma nema ranar da dajin ya gagara. Wannan kaɗai ya isa nuna irin asarar da aka yi tun farko da aka ware su.

Namun dajin ma ba su ƙare ƙaf ba. A watan Disamba na 2019 an hango garken giwaye kimanin 250 daga jirgi mai saukar ungulu kusa da Rann, a kan iyakar Kamaru. A ɗaya gefen kuma, ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta halaka mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wurin da yaran Maiduguri ke zuwa ganin abin da kakanninsu suka sani a daji.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ƙa'idojin gargajiya na farauta sun dogara ne a kan lokaci da wuri da ikon shugabannin maharba, yayin da dokokin da suka fara daga 1900 suka dogara a kan jikin dabba da takardar lasin. An kuma ga cewa ma'aunin ƙaho da haure ya zo tare da ƙwace dajin daga hannun maƙwabtansa, kuma wannan ƙwacen ne ya kashe wa ma'aunin gwiwa. Hana kashe mace da ɗa hikima ce da babu mai musunta, domin da su garke ke tashi. Amma a daji irin Sambisa, hanyar kare su ita ce rufe daji a watannin da aka sani, da hana tarkon waya da fitila da wuta, da sa Sarkin Baka da shugabannin kandira da bulamomi cikin masu hukunci da masu cin moriya. Duk ranar da zaman lafiya ya ba da damar sake tsara gandun, wannan darasi ne ya kamata a fara da shi.

Mu ma masu nazarin harsuna muna da namu aikin. Dokokin da aka ambata duk da Ingilishi aka rubuta su, jerin dabbobin kuma da sunayen Latin, alhali wanda ake so ya bi su da Hausa ko Barbarci ko Margi ko Larabcin Shuwa yake tunani. Ɗalibanmu na yau da wuya a sami wanda zai bambanta kanki da dari, ko mazo da kwanta-rafi. Duk sun zama barewa, kamar yadda ta Turai ma ta zama barewa a ajina. Tsofaffin maharban Konduga da Bama da Damboa, waɗanda da yawansu rikici ya kawo cikin Maiduguri, suna riƙe da sunayen dabbobi na mace da na namiji da na ɗa, da sunayen sawu da mashaya da lokutan haihuwa. Wajibi ne sassan harsunan jami'o'inmu su tattara wannan ilmi a harsunan huɗu tun masu shi na raye, domin da shi ne za a rubuta dokar da maharbi zai ji ya gane dabbar da ake nufi.